Cire Bamba Don Dasa Fitila: Neman Haske A Hanyar Gidan Rumji Zuwa Gazawa

Duk direban da ya saba bin babbar hanyar kwalta da ta ratsa Jihar Maraɗi ya san cewa hanyar rana daban, ta dare kuma daban. Ita ce hanya mai lamba 1 a Jamhuriyar Nijar, wadda ta biyo ta Yamai da Doso da Dogon Dutse da Birnin Ƙwanni, ta shigo jihar ta Gidan Rumji, ta wuce Tibiri da Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa da Tasawa, kafin ta miƙe zuwa Damagaram har Diffa. Da rana mutum na hangen komai tun daga nesa, domin ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tsauni ba kwari mai zurfi. Amma da zarar magariba ta yi, aka fita daga cikin gari, babu sauran wani haske sai wanda mota ta zo da shi.

Kuma hanyar ba ta motoci ba ce su kaɗai. Akwai amalanken shanu da ta jakai da ke dawowa daga gona ko daga kasuwa, mafi yawansu ba fitila ba wani abu mai ƙyalli a bayansu. Akwai garken dabbobi da ke tsallakawa, da raƙumi mai tafiyar ƙasaita a tsakiyar kwalta, da ɗan kabu-kabu da fitilarsa ta baya ta daɗe da mutuwa, da babbar motar da ta lalace aka jera mata rassan itace a madadin alamar gargaɗi. Lokacin kaka abin ya fi tsananta, sa'ad da ake jigilar aya da riɗi da wake da gyaɗa daga ƙauyukan Agye da Gazawa zuwa kasuwanni, ballantana daren Litinin da na Juma'a da kasuwar Maraɗi ke ci. A ɓangaren Gidan Rumji kuwa, tun daga 2019 da rikicin 'yan bindiga ya koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa wannan gunduma, direba ya ƙara samun dalilin son ganin abin da ke gabansa tun kafin ya isa gare shi.

Wannan ne ya sa dasa ƙarin fitila a gaban mota ya zama sana'a mai zaman kanta a garejin masu wayarin. Hayis da Hilux da Land Cruiser, da tsofaffin Peugeot da suka rage, har da ƙananan motocin gida, za ka ga an ɗora musu idanu biyu ko huɗu a kan bamba, ko kuma doguwar sandar nan mai farin haske da ake shigowa da ita daga Sin. Ba mu ga laifin mai neman haske ba, domin bukatar gaskiya ce. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda ake aikin, musamman ɓangaren da ke ɓuya bayan an mayar da bamba an ɗaure, wanda mai mota ba ya gani, kuma shi ne ke raba fitilar da za ta taimake shi da wadda za ta ƙone masa mota ko ta jefa wani a rami.

Bari mu fara da lissafin da ke tura direba gareji. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowane sakan. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, sakan guda ya wuce ko fiye, wato mita 25 sun tafi a banza. Birkin kansa, a kan kwalta mai kyau da taya mai kyau, zai ci wajen mita 40 kafin mota ta tsaya cik, idan kuwa an yi mata lodi fiye da kima, sai abin da ya ƙaru. To gajeriyar fitila, wadda direbobin Nijar ke kira kod, na Najeriya kuma ke kira dim, ba ta nuna baƙin abu marar ƙyalli sai an matso shi sosai. A dokar hanya ta Faransa, abin da aka shar'anta wa gajeriyar fitila shi ne ta haska aƙalla mita 30, doguwar kuma, wato far ko ful, ta haska aƙalla mita 100. Ke nan mai gudun 90 da kod kaɗai yana tafiya ne fiye da inda idonsa ya kai. Idan amalanke ta bayyana, ya riga ya makara.

Daga filin tsere zuwa tasha

Ita wannan al'ada ta jera manyan fitilu a hancin mota, daga wajen masu tseren motoci ta samo asali. A Turai, masu gasar gudu a daji da kan duwatsu sun riƙa ɗora fitilun kamfanonin Cibié da Marchal na Faransa da Hella na Jamus, saboda suna tsere cikin dare a hanyoyin da ba kowa. Mutanen Nijar kuwa sun ga irin waɗannan motoci da idonsu, domin tseren Paris zuwa Dakar ya sha ratsa hamadar Tenere da Agadas a shekarun 1980. Motar Porsche ta lashe gasar a 1984 da 1986, sannan Peugeot ta riƙe kambun shekara huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990. Ita kanta 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, kuma ta yi zamani a tashoshinmu, ta taɓa lashe tseren Safari na Kenya a 1975. An soke gasar Dakar a 2008, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020, amma hoton motar tsere mai idanu huɗu ya riga ya zauna a zukatan direbobi da yaran mota.

Sai dai akwai abin da ake mantawa da shi. Mai tsere shi kaɗai ne a hanyarsa, ba wanda ke tahowa ta gabansa, kuma injiniyoyi ne suka lissafa masa kowace waya. A Turai har yau mai ƙaramar motar gudu da ke son ƙara fitila yakan ɓata yini guda yana kwance gaban motar gaba ɗaya, saboda irin waɗannan motoci ba su da ƙarfen da ya fito fili da za a ɗaure wani abu a kai. Irin waɗannan motoci ba su da yawa a Agye ko Gazawa, amma matsalar ta iso mu ta wata ƙofar: motocin da aka riƙa shigowa da su daga Turai ta tashar ruwan Kwatano duk haka aka ƙera gabansu, roba ce zalla a waje, ƙarfen yana ciki.

A zamanin 504 aikin bai da wuya. Bambarta ƙarfe ce, noti ƙalilan ke riƙe da ita, a huda a ɗaura fitila a wuce wurin. A motar yanzu kuwa, abin da muke kira bamba, ko farshok a bakin makanikan Maraɗi, murfi ne kawai na roba da ya haɗe da ragar hanci da gidan sigina da wurin lamba. Ba ya iya ɗaukar nauyin fitila. Wanda ya huda robar ya ɗaura fitila a kai, zai ga haskensa na rawa ko a kan kwalta, ballantana in ya sauka hanyar burji mai gargada da ke shiga ƙauyuka. Kafin wata biyu robar ta tsage. Dole ne sai an cire murfin an kai ga ƙarfen da ke bayansa.

Mai aikin da ya san abin da yake yi, kafin ya taɓa ko noti ɗaya yakan cire kan batir na nagatif. Dalili kuwa shi ne a motoci da dama akwai na'urar jin karo da ke tayar da jakar iska, an dasa ta a bayan bamba, galibi mahaɗin wayarta ruwan ɗorawa ne. Daga nan sai ya buɗe bonet ya kwance maɗauran da ke sama, ya juya sitiyari ya kai hannu cikin madigadi ya kwance sukurorin da ke gefe, sannan ya kwanta ya cire na ƙasa. Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne kusurwa biyun da bamba ta haɗu da jikin mota a ƙarƙashin fitila, inda wasu haƙoran roba ke riƙe da ita. Rana da ƙurar wannan yanki sun riga sun busar da robar, in aka fizge da ƙarfi sai ta karye, shi ya sa kake ganin motoci da yawa bambarsu a ɗaure da waya ko igiyar roba, baki a sake kamar na mai jin barci. Kafin a janye ta gaba ɗaya kuma sai an zare wayoyin sigina da na fitilar hazo, aiki ne na mutum biyu, ɗaya a kowane gefe.

Da an cire ta, sai cikin motar ya bayyana: ga ƙarfen da ke karɓar karo a gicciye, ga ragar iyakwandishan, ga lagireto a bayanta, ga hon. A nan ake shiga uku idan mai aikin na gaggawa ne. Ragar iyakwandishan ba ta da kauri, in bakin injin huji ya zarce ya taɓa ta, iskar sanyi ta tsiyaye ke nan. Wasu kuma sukan kira mai walda ya liƙa ƙarfen riƙe fitila kai tsaye, ba tare da an cire batir ba, alhali wutar walda na iya lalata ƙwaƙwalwar mota, wadda kuɗinta ya ninka na fitilar sau da yawa. Hanyar da ta fi lafiya ita ce a ƙera ƙarfen a gefe, a yi masa fenti don tsatsa, a ɗaure shi da noti a ramukan da kamfani ya riga ya huda, a ƙara masa ɗan tokari ta sama domin kada ya yi lilo.

Akwai kuma maganar iska, wadda a ganinmu ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ragar da ke hancin mota ba ado ba ce, ta nan injin ke shaƙar sanyi. A watannin Afrilu da Mayu zafi a Jihar Maraɗi yana haura digiri 40. Motar da aka toshe mata rabin hanci da manyan fitilu huɗu, aka cika ta da fasinja da buhuna, aka ce ta yi Maraɗi zuwa Gazawa da tsakar rana, lagiretonta zai tafasa. Direba ya yi ta ɗura ruwa yana zargin fanka ko famfon ruwa, bai san idanun da ya saya don dare su ne ke cin injinsa da rana ba. Fitila biyu a gefe da gefe, an bar tsakiya a buɗe, sun fi huɗu da suka rufe komai.

Inda wuta ke tashi

Yanzu sai maganar wayarin, inda a nan ne ake gane gwani. Ƙwan fitilar da mota ke zuwa da shi, irin wanda ake kira H4, ƙarfinsa wat 60 ne a doguwa, 55 a gajeriya. Guda biyu a batir mai bolt 12 suna jan wutar da ta kai amfiya 9 zuwa 10, kuma daidai wannan nauyin kamfani ya auna kaurin waya da ƙarfin makunnin da ke jikin sitiyari. To sai mai mota ya sayo fitilu biyu masu wat 100 kowace. Wat 200 a kan bolt 12 ya kusa amfiya 17. Idan mai wayarin ya feɗe wayar doguwar fitila ya murɗa sababbin a kai ya naɗe da salatif, kamar yadda ake yawan yi saboda sauri da araha, ya ɗora wa siririyar waya kusan ninki uku na abin da aka yi ta dominsa. Da farko za ta yi ɗumi, sannan robar jikinta ta yi laushi, makunni ya fara wari. Fis ɗin kamfani zai yanke don ya ceci motar, amma maimakon a tambayi dalili, sai a sa wanda ya fi shi girma, ko a cusa zaren waya a gurbinsa. Daga ranar motar ba ta da sauran mai gadi.

Maganin abin ɗan ƙaramin akwati ne da bai kai gidan ashana biyu ba, wato rile. Yana da ƙafa huɗu masu lamba 30 da 85 da 86 da 87. Ana jawo waya mai kauri, kamar mai milimita 2.5, daga batir zuwa lamba 30, a sa mata fis nata na kanta dab da kan batir, mai amfiya 20 ko makamancin haka gwargwadon fitilun. Daga 87 waya ta tafi ga fitilu. Lamba 85 ta tafi jikin ƙarfen mota, abin da makanikai ke kira mas. Ita kuma 86, wadda ke ba rile umarni, wutar da take ja ba ta taka kara ta karya ba, ita ce ake ɗaukowa daga wayar doguwar fitila, ta biyo ta wani makunni a gaban direba. Da haka nauyin ya tashi daga kan wayoyin kamfani ya koma kan sabuwar waya.

Mai karatu ya lura da inda muka ce a ɗauko wayar umarni, domin a nan ne rabin maganar take. Idan daga doguwar fitila aka ɗauko ta, da zarar direba ya sauke zuwa kod, ƙarin fitilun za su mutu da kansu, da motsi ɗaya na yatsa. Idan kuwa aka ba su makunni mai zaman kansa daga batir, kamar yadda muke gani a motoci da yawa, sai direba ya sauke kod yana ganin ya yi wa na gabansa adalci, alhali manyan idanun na nan a kunne. Kafin ya lalubo makunnin a ƙarƙashin sitiyari an riga an gifta.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ke kawo gobara. Inda waya ta ratsa ƙarfe dole a sa mata zoben roba, in ba haka ba girgizar hanya za ta sa ƙarfen ya yanke ta sannu a hankali. Kada ta bi ta kusa da salansa ko fanka. Wurin ɗaure mas a kankare fenti har ƙarfe ya fito. Sannan a tuna da altaneta: a tsohuwar mota da aka ƙara wa fitilu da rediyo mai manyan sifiku, in abin da ake ja ya fi abin da take bayarwa, batir ne ke cike giɓin, sai a wayi gari a tashar Agye ana neman masu turi.

Sandunan LED da suka cika kasuwa a 'yan shekarun nan sun rage wannan matsalar, tunda ba su jan wuta kamar tsofaffin ƙwai. Amma sun zo da tasu. Yawancinsu watsa haske suke yi ko'ina, sama da ƙasa da gefe, ba su da iyakar da ke tsare idon mai tahowa. Haka nan ƙwan LED ko na zenon da ake cusawa cikin gidan fitilar da aka ƙera don halojin: madubin da ke ciki an lissafa shi ne a kan ɗan zaren da ke wuri guda, da an sauya masa tushen haske sai ya tarwatse. Direba na ganin gabansa ya yi fari fat yana murna, amma hasken a kusa ya taru, kuma yawan haske a kusa yana tsuke ƙwayar ido ya rage hangen nesa.

Wanda ke tahowa

Duk direban dare ya san abin da ke faruwa idan aka dalle shi da irin wannan haske. Ido yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya dawo daidai, kuma yawan shekaru na ƙara tsawon lokacin. Mu ɗauka sakan 3 ne kacal. A gudun kilomita 90, mita 75 ke nan mutum ya yi bai ga komai ba, a hanya mai layi biyu da amalanke ke tafiya a gefenta. Abin da ya saba yi shi ne ya kauce dama don gudun karo, kuma a daman nan ne mai amalanke da mai keke da mai tafiya a ƙasa suke. Wato wanda ke biyan kuɗin fitilar wani, sau da yawa ba ya cikin ko ɗaya daga motocin biyu. Wasu kuma sukan mayar da martani, kai ka dalle ni ni ma in dalle ka, a yi ta gwada ƙarfin fitila har a gifta juna, makafi biyu kowanne da rayuka goma sha a bayansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, duk da cewa ita ce mafi ƙarancin motoci. Dokar kuwa ba sabuwa ba ce. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda Nijar ke cikinta, ta ce a kashe doguwar fitila idan za a haɗu da wata mota ko ana bin bayan wata a kusa. Nijar na da dokar hanya ta 2014 da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, Najeriya na da hukumar FRSC tun 1988. Amma jandarma a shingen hanya yakan duba ko fitila na kamawa ne, ba inda ta dosa ba, kuma a tsakiyar dajin da ke tsakanin Cadawa da Agye ba mai hukunci sai direban kansa.

Saitin fitila kuwa ba ya bukatar wata na'ura. Bango ake nema da fili mai daidai. A tsayar da mota mita 10 daga bangon, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi a bango a daidai wannan tsayin da alli ko gawayi. Iyakar hasken kod ya kamata ta sauka kimanin santimita 10 ƙasa da layin, wato kashi 1 cikin 100, kuma motoci da yawa an rubuta adadin a jikin gidan fitilar. Ƙarin fitilun nesa kuma tsakiyar haskensu ta tsaya a kan layin tsayinsu ko ƙasa kaɗan, su miƙe sak, kada su yi sama. Aikin minti ashirin ne, amma da yake da rana ake dasa fitila, mai mota kuma na sauri, sau da yawa ana mayar da bamba ne a karɓi kuɗi ba a gwada ba.

Ga wani abu kuma da ya shafi motocinmu na haya musamman. Ko an saita fitila daidai, da an loda buhunan aya a baya aka ɗora wasu a sama, gindin mota zai zauna, hancinta ya ɗaga, sai kod ta koma tamkar far a idon mai tahowa. Motocin da suka fito daga Turai da yawa suna da wani ɗan maballi mai juyawa kusa da sitiyari, mai lamba 0 zuwa 3, wanda aikinsa ke nan: in an yi lodi a juya shi fitila ta sunkuya. Direbobi da dama sun shekara da mota ba su taɓa taɓa shi ba. Haka kuma mai sayen gidan fitila na hannu ya duba daga inda ya fito. Na Ingila da Japan an yi su ne don masu tuƙi a hannun hagu, haskensu na ɗagawa ta hagu. A Nijar da Najeriya da ake bin dama, wannan ɗagawar idon mai tahowa take nufa kai tsaye.

Lokacin hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauko, babbar fitila ba ta da amfani ko kaɗan. Ƙurar da ke cikin iska na dawo da hasken cikin idon direba, ya ga farin bango a gabansa, kuma wadda aka ɗora a kan rufin mota ta fi kowace muni a nan. Abin da ke aiki a hazo shi ne fitilar da aka dasa ƙasa-ƙasa, ƙarƙashin bamba, mai faɗin haske da ke bin kwalta. Dattawan direbobi na tuna motocin Faransa masu fitila ruwan ɗorawa, domin tun daga shekarun 1930 har zuwa 1993 doka ce a can. Har yau wasu na fifita wannan launi a hazo saboda bai cika gajiyar da ido ba, kodayake tsayin da aka dasa fitilar da inda ta kalla sun fi launinta muhimmanci.

Mu a namu ganin, kafin mutum ya kai ga cire bamba, ya kamata ya fara tambayar me ya rage wa fitilar da motar ta zo da ita ƙarfi. Sau da yawa ba ƙaranci ba ne, lalacewa ce. Murfin fitilar motocin yanzu roba ne, rana na mayar da shi ruwan ƙasa, yashi na kankare shi, kuma ana iya goge shi ya washe. Madubin ciki kan dushe idan ruwa ya shiga. Gilashin gaba da ya sha ƙura da yagewa yana tarwatsa hasken mai tahowa ya ninka wahalar. Babban ɓarawon kuwa shi ne tsohuwar waya da mas mai tsatsa. Ƙwan halojin ba ya yafe ƙarancin wuta: idan abin da ke isa gare shi ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa na raguwa da kusan kashi 30. Mai wayarin da ya auna wuta a kan batir ya sake aunawa a bakin ƙwan zai ga giɓin nan take, kuma rile guda biyu da sabuwar waya kan dawo wa tsohuwar Hayis da hasken da mai ita ya manta tana da shi, ba tare da an huda komai ba.

Sannan akwai ɗaya gefen matsalar, wanda ba a gareji yake ba. Abin da direba ke tsoro shi ne amalanken da ba ya gani. Ɗan ƙyallen nan mai ƙyalli, ja da fari, da ake liƙawa a bayan tireloli, idan aka liƙa shi a bayan amalanke, ko gajeriyar fitila na kama shi daga nesa mai yawa, fiye da yadda babbar fitila za ta kama baƙin katako. Ana sayar da shi a shagunan kayan mota a Maraɗi da Katsina, kuma abin da za a kashe wajen dasa wa mota ɗaya sandar LED zai wadaci amalanke da dama. Ƙungiyoyin direbobi na tashoshin Gidan Rumji da Agye da Gazawa, da magadan gari da masu unguwanni, su ne suka fi kowa sanin masu amalanken da ke hawa kwalta da dare, kuma ranar kasuwa duk a wuri ɗaya suke ɗaure shanunsu.